Yadda ake sa wa tsohon babur na doguwar tafiya tayar mota a baya, da inda bai kamata a gwada ba

Ranar da na gangaro da wilin bayan babur ɗina gaban wani mai faci a Farin Gada, na jingina sabuwar tayar mota kusa da shi, sai ya dube ni, ya dubi tayar, ya ce, "Oga, yaron da ka aika ya yi maka kuskuren saye." Na ce masa babu kuskure, ita nake so ka sa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To, Allah ya sa mu ga alheri."

Babur ɗin Honda Gold Wing ne, GL1500, irin wanda aka ƙera daga 1988 zuwa 2000. Silinda shida gare shi, nauyinsa ya haura kilo 350 tun kafin a hau, kuma an yi shi ne don mutum ya ɗauki uwargida da kaya ya yini a kan hanya. Matsalarsa a nan Jos ita ce tayar baya. Lambarta 160/80-16, kuma in ka zaga Dilimi kaf, tayar Bajaj da ta Keke za ka yi ta gani. Sai an aika Legas, a jira, ta zo da tsada, wani lokaci ma ta riga ta tsufa a sito. Ga shi ba ta jimawa: nauyin nan yana cinye tsakiyarta ya bar gefuna fes. Wannan ne ya sa wasu masu irin waɗannan babura, musamman a Amurka, suka koma sa tayar mota a baya. Har laƙabi suka yi wa kansu, wai 'yan ɓangaren duhu.

Kafin mu shiga aiki, ka san wannan: Honda ba ta yarda da haɗin ba, kamfanonin taya ma ba su yarda ba. In ka yi, a wuyanka yake, kuma in tsautsayi ya gitta, kamfanin inshora zai iya fakewa da shi. Ni na yi, ina kuma hawa, amma akwai baburan da ko kyauta aka ba ni tayar ba zan bari a sa musu ba. Daga nan za mu fara.

Mataki na 1: karanta rim, ba taya ba

Yawancin mutane lambar jikin taya suke dubawa: sun ga 15 a ta babur, sun ga 15 a ta mota, shi ke nan sun daidaita. Ba haka ba ne. Lambar suna ce kawai. Ainihin awon yana wurin da leɓen taya yake zama a kan rim, kuma masu ƙera mota da masu ƙera babur ba ma'auni ɗaya suka bi ba.

A inci 15, mazaunin leɓe a rim ɗin mota milimita 380.2 ne, na babur kuwa kusan 383. Wato rim ɗin babur ya fi girma da wajen milimita uku. Za ka ce milimita uku me ke nan? A cikin leɓen taya akwai wayar ƙarfe da aka naɗa, ba ta miƙewa. In aka tilasta mata hawa rim ɗin da ya fi ta, sai an yi ta ɗura iska fiye da kima, kuma a nan ne wayar kan tsinke, tayar ta tarwatse a fuskar mai aikin. Ko ta hau lafiya, ba ka san abin da ya tsage a ciki ba. Shi ya sa ake buga M/C a jikin tayar babur, kamar 150/90-15 M/C, don kada a haɗa ta da ta mota. Baburan da ke da wannan rim sun haɗa da Gold Wing GL1200 na 1984 zuwa 1987, da Kawasaki Voyager XII, da Yamaha Royal Star Venture. Za ka ji an ce 165/80R15, irin ta tsohuwar Volkswagen ƙwaro, tana shiga. Akwai waɗanda suka sa. Ni dai ba na ba da shawara.

A inci 17 abin juyewa yake yi. Na mota 436.6, na babur kusan 434, wato tayar mota ta yi wa rim yawa. Tana hawa ba gardama, mai faci ya ji daɗi, amma riƙon da ya kamata leɓen ya yi bai samu ba. Ranar da iska ta ragu kana cikin kwana, nan za ka gane. Honda ST1100 da GL1000 da GL1100 na 1980 da 1981 duk a nan suke. GL1000 na farko-farko ma wilinsa mai sifoka ne, mai tif, wannan ko maganarsa ba a yi.

Inci 16 ne kaɗai awon biyu suka zo kusan ɗaya: na mota 405.6, na babur bai fi shi da ko milimita ɗaya ba. GL1500, da GL1800 da ya fito a 2001, da Honda Valkyrie na farko duk 16 ne a baya. Shi ya sa kusan duk labarin nasarar da za ka ji daga cikinsu yake fitowa.

Ko a 16 ɗin ma ba a ce komai ya daidaita ba. Bangon rim ɗin babur ya fi gajarta, wajen milimita 14, na mota kuwa wajen 17. Sannan akwai ɗan tudun nan da ke zagaye rim daga ciki, wanda ke hana leɓe zamewa in iska ta fita. A rim ɗin babur yana kusa da bango, saboda leɓen tayar babur siriri ne. Na mota ya fi kauri, don haka ba ya zama daram a bayan tudun yadda aka tsara. Wannan ita ce babbar hujjar masu adawa da haɗin, kuma gaskiya suka faɗa.

Ka wanke rim ka nemi rubutun da aka zuba a jikinsa. Na GL1500 za ka ga MT3.50 da 16, na GL1800 kuwa MT5.00 da 16. Lambar farko faɗin rim ce a inci. Ka duba da idonka, domin babur na hannu da ya shekara talatin, ba ka san wilin da wani ya ɗora masa a can baya ba.

In rim ɗinka 15 ne, ko za a canza wili?

Wasu masu GL1200 sukan ɗauko wilin GL1500 tare da akwatin giyarsa na baya su ɗora, don su samu inci 16. Ba aikin sa-ka-ɗaure ba ne, sai an je wurin mai injin gyaran ƙarfe. Duk wilin da za ka aro daga wani babur, abubuwa biyar za ka auna ka kwatanta da naka: kaurin ƙarfen da ke ratsa tsakiyar wili, faɗin cibiyar wilin daga boris zuwa boris, haƙoran da ke haɗa shi da akwatin giya, girman faifan birki da inda yake tsayawa, sannan ko tsakiyar tayar baya za ta zo layi ɗaya da ta gaba. Na ƙarshen nan da zare ake gwadawa: a ja zare biyu daga gefunan tayar baya zuwa gaba, tazarar hagu da dama ta zo daidai. In ɗaya daga cikin biyar ɗin ya ƙi, kada ka yarda a cike da washa ko a yi walda a wurin birki. Gara ka ci gaba da aikawa Legas.

Mataki na 2: lissafin tsayi da faɗi

Lissafin ba wuya. A 160/80-16, faɗin taya milimita 160 ne, tsayin gefenta kashi 80 cikin ɗari na faɗin, wato 128. Ka ninka biyu, 256, ka ƙara tsayin rim, inci 16 sau 25.4, wato 406. Jimla 662. Wannan ne tsayin tayar asali ta GL1500, kuma kusa da shi kake nema.

175/75R16 tana ba da 669, ta ɗara da kaɗan. Irin wannan girman ne ake sa wa wasu ƙananan motocin kaya, kuma wasu masu GL1500 sukan neme ta. 175/60R16 kuwa 616 ce, ta gaza da milimita 46. Bayan babur zai sauka da milimita 23, injin ya riƙa ƙara juyi a gudu ɗaya, mai ya ƙara tafiya, kuma ƙarfen ajiye ƙafa ya riƙa kartar kwalta tun ba ka kwanta sosai ba. Ga shi kuma ɗora shi a dobul-sitan sai ka nemi taimako.

GL1800 ya fi sauƙi. Tasa 180/60R16 ce, tsayi 622, sai 195/55R16 ta ba da 621, kamar don shi aka yi ta. 205/55R16, wadda ke kan Corolla da yawa kuma ko'ina ana samunta, 632 ce, ta kuma fi faɗi, sai an duba sosai ko za ta goga. Valkyrie mai 180/70R16 tsayinsa 658, ana sa masa 205/60R16 mai 652. Abu ɗaya da za ka lura: GL1800 daga juyin giya yake lissafa gudu, don haka in tsayin tayar baya ya canza, mita za ta yi maka ƙarya. GL1500 daga wilin gaba yake ɗauka, babu ruwansa.

Faɗin rim ma abin dubawa ne. Masu ƙera 195/55R16 sun ce rim ɗinta daga inci 5.5 zuwa 7 ne, ga shi na GL1800 inci 5. Na GL1500 mai 3.5 ya fi matse tayar. Matsewar tana sa fuskar tayar ta ɗan yi doro, abin da ke taimakawa a kwana, amma dai ka san an fita daga abin da aka rubuta. Kada ka ƙara faɗi don kwalliya.

Mataki na 3: zaɓen tayar

Sabuwa za ka saya. Tayar Baljiyam a mota mai ƙafa huɗu ma kasada ce, balle a abin da ƙafa biyu gare shi. Ka nemi lamba huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT a gefen taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2423 na nufin mako na 24 a 2023. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara huɗu take lissafa wa taya daga ranar ƙira, kuma jami'anta sukan duba a hanya.

Ka zaɓi wadda zanenta iri ɗaya ne hagu da dama. Wadda aka rubuta wa OUTSIDE a gefe ɗaya an yi ta ne don gefen nan ya riƙa fuskantar waje a jikin mota. A babur za ta riƙa ba ka hali biyu, kwanar hagu daban, ta dama daban. Ka shafa kafaɗarta da hannu: mai zagaye ta fi mai kusurwa. Lambar ɗaukar nauyi ba ta cika zama matsala ba, tunda 87 na ɗaukar kilo 545, alhali ta asalin GL1800 mai 74 kilo 375 ce. Harafin gudu kada ya gaza na asali. H na nufin kilomita 210 a awa. Masu GL1800 da yawa sun fi son irin wadda ake iya tafiya da ita ko ta sace, saboda gefenta mai tauri ne, sai dai tana ba mai faci wahala wajen sawa.

Mataki na 4: cire wili

A GL1800 hannu ɗaya ne ke riƙe da wilin, noti biyar kamar na mota. Ka sassauta su babur yana ƙasa cikin giya, sannan a ɗaga. Wasu shimfiɗa tsohuwar katifa suke yi, su kwantar da shi a gefen dama a kan ƙarafan kariya, su zaro wilin ta ƙasa.

GL1500 sai haƙuri. A ɗora shi a dobul-sitan a kan siminti, ba a kan ƙasa ba. A cire akwatin kaya na hagu, a sassauta salansa don ƙarfen tsakiya ya samu hanyar fita, a kwance birki a rataye shi da waya, kada a bar shi yana lilo a jikin tiyonsa. Sai a zare ƙarfen, a ja wilin hagu ya rabu da haƙoran giya. Duk abin da ka cire ka jera shi a kan kwali bi da bi, ka ɗauki hoto da waya. Akwai ɗan guntun bututu da ke zama tsakanin wili da birki. Ranar nawa aikin sai da muka kusa gamawa muka gan shi a ƙarƙashin benci, aka sake kwancewa.

Tunda wili ya fito, ka juya boris da yatsa. In ka ji gargada, canza shi yanzu. Ka goge haƙoran giya, ka shafa musu man nan mai toka-toka da ake kira moli, ba giris na gama-gari ba, wanda zafi ke korewa. Ka canza bawul ma. Na GL1500 mai lanƙwasa ne, gindinsa roba, kuma in ya tsufa yakan tsage ya zubar da iska gaba ɗaya. Sa na ƙarfe.

Mataki na 5: wurin mai faci

Nan ne ya kamata ka tsaya a kan aikinka. Ka nemi mai injin cire taya. Rim ɗin alminiyam ne, liba da guduma suna cin bakinsa, in bakin ya lotsa kuma iska ba za ta ƙara zama ba. A wanke cikin rim tas, a kankare tsohuwar roba da ta manne. A bar sabuwar tayar a rana ta yi laushi, musamman da hunturu, lokacin da sanyin Jos kan mai da roba kamar katako. A shafa wa leɓe ruwan sabulu sosai, ban da baƙin mai, ban da giris. In tayar mai kibiya ce, a tabbatar kibiyar ta bi juyin wili. A GL1500 faifan birki zai nuna maka wane gefe ne hagu.

Wajen ɗura iska, ƙa'idar masu taya ita ce kada a wuce awo 40 na PSI a geji don a zaunar da leɓe. A cire ƙwayar bawul iska ta shiga da ƙarfi, a ajiye wilin nesa, kowa ya ja baya, kada wanda ya sunkuya a kai ko ya dafa da hannu. Za ka ji ƙara biyu, fau, fau. Mu da muka kai 40 gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya ƙi. Mai facin ya ce, "Oga, bari in ƙara mata kaɗan, yanzu za ta ji magana." Na ce a'a. Muka sace iskar, muka danne leɓen, muka ƙara sabulu, muka juya tayar kaɗan a kan rim, muka bar ta a rana muka je muka ci masa. A gwaji na uku ta hau. In an yi haka sau uku ko huɗu ta ƙi, to ba ta wannan rim ba ce, mayar da ita.

Da ta hau, ka bi siririn layin da ke zagaye gefen taya kusa da rim. Tazararsa da bakin rim ta zama ɗaya ko'ina, a gefe biyun. A zuba ruwan sabulu a ga ko zai yi kumfa. Sannan a yi balansin.

Mataki na 6: mayarwa da gwajin gogayya

Sau da yawa sai an sace iskar kafin tayar ta wuce tsakanin akwatin giya da firam. In ta shiga a sake hurawa. A ɗaure noti da sifana mai awo. Na GL1800 108 ne a ma'aunin Nm, a bi su a gicciye. Na sauran ka duba littafin babur ɗin. Ka taka birkin baya sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa ko taku ɗaya.

Sai gwajin da mutane suka fi tsallakewa. Ka goga alli a gefunan tayar da kafaɗunta, ka juya wilin da hannu kana saurare. Ka zura yatsa tsakaninta da hannun wili, da tiyon birki, da madigadi. In ɗan yatsa bai shiga ba, wurin ya yi kaɗan, domin taya tana buɗewa in ta yi zafi. Daga nan ka sauke babur, ka rage iskar shokazoba in naka mai iska ne, ka ɗora mutum mai jiki a baya, ka cika akwatuna, ku bi ta kan tudun rage gudu biyu ko uku a hankali. Ku dawo ka leƙa da tocila. Duk inda alli ya shafa, nan take gogawa. Doguwar taya irin 175/75 ta fi taɓa cikin madigadi daga sama.

Mataki na 7: iska da koyon hawa

Kada ka bi awo 41 da aka rubuta wa tayar asali ido rufe. Ni daga 32 na fara, na riƙa ƙara biyu-biyu ina ji. In ta yi kaɗan, bayan babur zai riƙa rawa a kwana. In ta yi yawa, tsakiya ce kawai ke taɓa ƙasa, ka dawo gidan jiya. Da safe ake aunawa kafin a hau, kuma duk sauyin zafi na digiri shida yana motsa geji da kusan awo ɗaya, don haka awon asubar Disamba a Jos ba shi ne na azahar a Akwanga ba.

Hawan kuwa sai ka sake koyo. Tayar babur zagayayya ce, da ka karkata sai ta bi ka. Ta mota shimfiɗaɗɗiya ce, kullum so take ta miƙar da babur tsaye, don haka a kwana sai ka ci gaba da danna hannun ciki har ka fita. Ka saki, ta tashi da kai. A inda manyan motoci suka lotsa kwalta, za ta riƙa bin kwarin. Wurin da ta fi ba ni tsoro ma ba a gudu ba ne: a tafiyar hawainiya ne, in gefe ɗaya ya hau dutse ko bakin kwalta, sai ta tura babur ɗin wajen gangare, ga nauyi. Ka kula sosai wajen juyawa a layukan unguwa da ruwa ya zaizaye.

Ka fara a fili, ka yi ta zagaye hagu da dama, ka gwada birki. Sannan hanyar Bukuru zuwa Mararrabar Jama'a da sassafe, kai kaɗai, sannu-sannu, domin sabuwar taya tana da santsi a kilomita ɗari na farko ko fiye. A miƙaƙƙiyar hanya da kaya za ka ji daɗinta: babur ya zauna, birkin baya ya kama, ramuka su rage duka. Amma kada ka sauka Hawan Kibo da mutum a baya sai hannunka ya saba, kwanonin can ba wurin koyo ba ne. In kuma kai mai son kwantar da babur ne a kwana, wannan haɗin ba naka ba ne tun farko.

Gaba kuwa tayar babur za ta ci gaba da zama, ba a sa mata ta mota. Ka lura GL1500 da taya mai saƙar gicciye ya zo, ta mota kuwa radiyal ce, don haka in ka ji kan babur yana kaɗawa da ka saki hannu kaɗan, duba iskar gaba da boris ɗin wuya kafin ka zargi wani abu. Bayan kilomita 100 ka sake bin noti, ka sake leƙa layin leɓe da wuraren alli, ka maimaita a 500. Tsohuwar tayar da aka cire, in da sauran zane a jikinta, kada ka bar wa mai faci; ajiye ta a inuwa har sai ka tabbatar za ka zauna da sabuwar.